Wasiƙar Sarkin Musulmi ga Gwamna Lugga: Yadda Ake Tuhumar Takardar Tarihi



Yawancinmu mun taso da ganin cewa duk abin da aka rubuta a tsohuwar takarda gaskiya ne. Ina so in nuna muku haɗarin wannan ɗabi'a da misali guda.

A shekarar 1902 Gwamna Lugga ya ce ya sami wasiƙa daga Sarkin Musulmi Abdurrahman, wadda ke nuna cewa ba abin da ke tsakanin Musulmi da Nasara sai yaƙi. Da ita ya kafa hujja gaban manyansa na Ingila. Kano ta faɗi a watan Fabrairu 1903, Sakkwato kuma ran 15 ga Maris. Ashe kuwa takardar da aka zubar da jini a kanta ta cancanci a tuhume ta.

Tambaya ta farko: ina asalinta? Sarakunanmu da Larabci suke rubutu, amma abin da ke hannun masana fassarar Turanci ce, ba a ga ta Larabcin ba. Wannan ne ya sa D. J. M. Muffett, wanda ya yi aikin mulki a Arewa, ya yi shakkarta a littafinsa na 1964. To, wa ya fassara ta, kuma yaya ƙarfin Larabcinsa?

Ta biyu: wa ta amfana? Mai neman izinin yaƙi ne ya fito da ita.

Ta uku: me 'yan'uwanta ke cewa? Akwai wata wasiƙar Sarkin a kan sha'anin Bauci, wadda ta ƙi shisshigin Turawa ba tare da shelar yaƙi ba. Akwai kuma wasiƙun da aka samu a gidan Wazirin Sakkwato, waɗanda H. F. Backwell ya wallafa fassararsu a 1927. Sai an jera su tukuna a yi hukunci.

Ban ce wasiƙar ƙirƙira ce ba. Tana yiwuwa Sarki ya faɗi haka. Abin da nake nufi shi ne, shakka ba ƙaryatawa ba ce, matakin farko ne na bincike. Malaman hadisi sun riga mu: sukan binciki isnadi kafin su karɓi matani.

Ku da za ku shiga ofisoshin gwamnati, ku tuna fayil ɗin da kuka rubuta yau shi ne tarihin gobe. Ku sa kwanan wata, ku adana asali tare da fassara.

Allah ya sa mu dace.