Mutum Goma da Jagora Guda: Abin da Muka Gani a Zumuntar Matasan Kirista

(Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya a garin Ɗanbatta)

  

Kwamitin shirya taro ya nemi mu yi magana a kan reshen matasa na wannan ƙungiya, wanda aka daɗe ana kafa shi yana rushewa. Duk mun san yadda abin yake tafiya. A kira babban taro bayan Salla, a kafa rumfuna, a raba riguna da hula, a zaɓi shugaba da ma'aji, a ɗauki hoto, sannan manya su shiga motocinsu su koma birni. Kafin damina ta faɗi reshen ya mutu, sai suna a takarda. Yaran kuwa suna nan inda muka bar su, a majalisar bakin titi, wasu su yi dako ranar Lahadi da kasuwarmu ke ci, sauran kwana shida kuma sai zaman kashe wando. Ba mu manta ba cewa a shekarar 2018 sai da Gwamnatin Tarayya ta hana shigo da maganin tari mai kodin da sarrafa shi, bayan binciken da BBC ta yi wanda ya nuna irin ɓarnar da yake yi a Kano. Wanda ya ce wannan iska ba ta kaɗo ƙauye ba, to bai daɗe da zama a ƙauyen ba.

Misalin da za mu kawo yau na maƙwabtanmu Kirista ne, kuma muna roƙon kada kowa ya ɗaga gira. Mu Musulmi ne, a kan haka muka tashi, a kansa muke fatan cikawa. Ba aƙida muka zo tattaunawa ba. Dabarar riƙon yara muka zo faɗa, kuma manomi ba ya ƙin leƙa gonar maƙwabcinsa in ya ga geronta ya fi nasa kai.

Da yawa daga cikin 'ya'yanmu da aka haifa a birni sun ɗauka duk Kirista a Jihar Kano baƙo ne mazaunin Sabon Gari. Ba haka ba ne. Tun a shekarun 1930 aka bar mishan ta SIM ta shigo ƙasar Kano, ta fara da aikin jinyar kutare, ta buɗe asibitin ido a 1943, ta kuma kafa tashoshi a karkara irin su Roni, nan kusa da mu ta wajen Kazaure, da Tofa inda aka yi makarantar koyon Littafi Mai Tsarki. Daga aikin wannan mishan ikilisiyar ECWA ta fito a 1954. Yawancin waɗanda suka karɓi addinin a ƙauyukan Kano da Katsina Hausawa ne daga gidajen Maguzawa, da Hausa suke ibada, Littafinsu ma an kammala fassara shi da Hausa tun 1932. Su kaɗan ne a tsakaninmu, kuma ƙarancin nan shi ya koya musu darasin da mu yawa ya hana mu koya: wanda tumakinsa goma ne, kowace ya san kamanninta, in ɗaya ba ta dawo ba da magariba zai sani.

Mun fara ganin abin da idonmu ne bayan mun fito daga kwalejin horon malamai, a zamanin da shirin UPE na 1976 ya cika azuzuwa maƙil da yara. An tura mu wata makarantar ƙauye, muka tarar da wani abokin aiki Kirista, Bahaushe, wanda ya girme mu da 'yan shekaru. Duk ranar Asabar da la'asar sai mu gan shi a gindin wata bishiyar ɗorawa da samari takwas, wani lokaci tara, suna zaune a tabarma ɗaya, shi ma a tabarmar yake, ba kujera ba allo. Da farko mun raina abin. Mu da muke tsayawa gaban yara saba'in da bulala a hannu, me mutum zai yi da takwas? Sai da muka shekara biyu tare sannan muka gane cewa shi ne yake koyarwa, mu kuwa tsaron aji muke yi.

Ga yadda zamansu yake. Sukan buɗe da waƙa da addu'a irin tasu, sannan a karanta wani ɗan sashe na Littafinsu, kowa aya guda, har wanda karatunsa ke tuntuɓe sai ya karanta tasa, ba a yarda wani ya yi masa dariya ba. Daga nan jagoran ba ya wa'azi. Tambaya yake jefawa, ya yi shiru. Wannan shirun shi ne abin da ya fi ba mu mamaki, domin a kwaleji an koya mana cewa in ka yi tambaya ka dakata kaɗan kafin ka nuna mai amsawa, amma ba mu taɓa ganin wanda ya iya dakatawar kamarsa ba. Yakan jira har shirun ya dami yaran, ɗaya ya buɗe baki, sai sauran su biyo. Mai surutun cikinsu yakan ba shi aikin rubuta abin da aka faɗa, don hannunsa ya shagala bakinsa ya huta. Mai kunya kuwa ba ya kiran sunansa a gaban jama'a, sai a hanyar komawa gida ya jera da shi. Kowa yana da aiki: wannan ya kawo tabarma, wannan ya riƙe littafin suna, wannan ya tuna wa mutane lokaci. Kafin rana ta faɗi an tashi, domin iyaye su san lokacin da 'ya'yansu za su shigo gida.

Amma ainihin aikin ba a gindin ɗorawa yake ba. In yaro bai zo ba, kafin Asabar ta zagayo jagoran ya hau kekensa ya je gidansu. Ba da faɗa yake zuwa ba, gaisuwa ce, ya durƙusa ya gai da uban, ya tambayi lafiya. A irin wannan zuwa ne yake gano cewa wane ya daina zuwa makaranta saboda ba shi da kuɗin jarrabawa, wane kuma ya fara bin wasu abokai. Mun taɓa tambayarsa me ya sa ba ya ƙara yara, ga shi ana sonsa. Ya ce iyakar gidajen da kekensa zai iya zagayawa a mako ke nan. Da yaran suka kai goma sha huɗu sai ya raba su biyu, ya danƙa rabi ga babban cikinsu, wanda dama ya shekara yana ba shi jagorancin zama jefi-jefi, yana gyara masa a keɓe.

Daga baya, da karatu ya ɗan yi nisa, muka gane ba shi ya ƙago wannan tsari ba. Su Kirista suna kafa hujja da cewa Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, almajirai goma sha biyu ya keɓe, kuma bibbiyu yake aika su. Suna kuma karanta labarin surukin Annabi Musa da ya ba shi shawarar naɗa shugabanni a kan dubu da ɗari da hamsin da goma, don kada shari'ar jama'a ta gajiyar da shi. Labarin da ya fi dacewa da ƙungiya irin tamu kuwa a Ingila ya faru, a garin Biristol, a shekarar 1742. Mabiyan wani mai wa'azi, John Wesley, bashi ya hau kansu na ginin ɗakin taronsu. Sai wani daga cikinsu, Kyaftin Foy, ya ba da shawarar kowa ya riƙa ba da kwabo ɗaya a mako. Aka ce ai da yawa matalauta ne, ba za su iya ba. Ya ce to a haɗa shi da mutum goma sha ɗaya mafi talauci, zai riƙa zagaya su kowane mako, wanda bai samu ba shi zai biya masa. Aka rarraba jama'a goma sha bibbiyu a kan haka. Masu karɓar kwabo da suka shiga gidaje sai suka riƙa dawowa da labarin da ya fi kwabo: wane ba shi da lafiya, wane ya koma shan giya, wane da matarsa ba sa ga-maciji. Abin da aka fara don tara kuɗi ya zama ƙashin bayan ɗariƙar Metodis baki ɗaya. Muna fata ma'ajinmu yana saurare, domin mu ma muna da masu bin bashin kuɗin wata, sai dai ta waya suke bi.

Haka kuma ƙungiyar Boys' Brigade, masu kaki da ganga da kuke gani suna fareti a Sabon Gari. William Alexander Smith ya kafa ta a Gilasgo a 1883, shi kuwa malamin makarantar Lahadi ne da samari suka gagare shi, sai ya karkasa su rukuni-rukuni, ya ɗora manyan yara a kan ƙanana. Ta iso Ikko a 1908. A nan Arewa, ƙungiyar ɗalibai Kirista ta FCS ta fara a Gindiri a 1957, sannan a farkon shekarun 1960 aka yi shirin Sabon Rai Don Kowa, wanda ƙarfinsa duka a kan ƙananan rukunonin addu'a na gida-gida ya dogara.

Kada a ɗauka tsarin ba shi da aibi. Su kansu masu shi sun san inda yake ciwo. Ƙaramin rukuni yana iya zama ƙungiyar 'yan gaban goshi, waɗanda ke ciki su riƙa ganin sun fi na waje. Jagoran da yara suka ba amana, in zuciyarsa ba ta da kyau, ɓarnarsa ta fi ta mai wa'azin dandali, domin shi a kunne yake magana. Mun kuma ga jagoran da ya ƙi sakin yaransa, sun girma sun yi gemu yana nan yana kiransu yarana. Shi ya sa a inda abin ya yi kyau za ka tarar ana zama a fili inda kowa ke gani, da sanin iyaye, 'yan mata da jagorarsu mace daga zumuntar mata, kuɗi ba ya kwana a hannun mutum ɗaya, kuma jagororin kansu suna da ranar da suke zama gaban fasto da dattawa su ba da bayani. Sirrin da yaro ya faɗa ba ya fita, sai in akwai haɗari ga rai ko mutunci, a nan kam dole manya su ji.

Wani zai ce, to Malam, mu ba mu da irin wannan ne sai mun aro? Muna da shi, sakinsa muka yi. Musulunci kansa a gidan Arƙam ya fara tara mutane kaɗan-kaɗan a Makka, kuma saurayi ne, Mus'abu ɗan Umairu, aka aika Madina ya koyar gida-gida. Karatun zaure da iyayenmu suka yi, malami da almajirai biyar ko shida kowa da littafinsa, ƙaramin rukuni ne. Sarkin samari da ke kiran gayya ya san wanda ya zo da fartanya da wanda ya maƙale. Abin da ya faru shi ne mun ƙaunaci lasifika. Mun ɗauka in mutum dubu suka ji magana to an yi tarbiyya, alhali ko mutum ɗaya ba a tambaya ba ko ya ci abinci.

Saboda haka shawararmu ga kwamiti ita ce, bana kada a kira babban taron matasa. A nemi samari da 'yan mata masu natsuwa, waɗanda suka girmi yaran da shekara biyar zuwa goma, mazauna gari ba masu zuwa Salla ba. Akwai su cikin malaman firamare da na Islamiyya, da ɗaliban Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako, da masu noman rani a bakin madatsar ruwa ta Tomas. A ba kowane yara goma na unguwarsu, da izinin iyaye da sanin mai unguwa da limami. Abin da za su karanta, malamanmu su tsara shi daidai da addininmu, a haɗa da karatun boko da sana'a. In akwai 'ya'yan maƙwabtanmu Kirista a unguwa, aikin gayya da na tsabtar gari ya haɗa kowa, ibada kuwa kowa da tasa. A fara da rukuni biyar kacal. Mun san wasu za su ce ya yi kaɗan ga ƙungiya mai girma kamar tamu, kuma ba zai yi kyau a hoto ba. Gaskiya ne, ba zai yi ba.

Ku kuma 'yan'uwa mazauna birni, ba riguna muke nema a wurinku ba wannan karon. Kowane rukuni yana bukatar uba ko uwa daga cikinku, wanda zai ɗauki nauyin littattafan rubutu da ɗan kuɗin man babur na jagora, ya kira shi sau ɗaya a wata ya tambayi yaran da sunayensu, in ya zo gida kuma ya cire takalmi ya zauna a tabarmar tare da su. Tsofaffin malamai irinmu mun ɗauki alkawarin zama da jagororin a ranar Asabar ta farkon kowane wata, mu koya musu ɗan abin da muka sani na yin tambaya da riƙe littafin suna. Sakatare yana bakin ƙofa da takarda, wanda ya shirya ɗaukar rukuni ya rubuta sunansa da unguwarsu kafin a tashi cin abinci.