Jawabin mai ɗaukar hoton garinmu a taron ƙungiya

Iyayena dattawa, ƴan uwana ƴan bida da kunka zo ganin gida, Allah shi ƙara girma. Shugaba ya ba ni izini in faɗi kukana, to ga shi.

Kun san ni da akwatin hoto tun zamanin pelikil. Pelikil guda hoto 36 ne, kuma ba ka ganin abin da ka ɗauka sai an wanke a birni. Wata shekara na ɗauki bikin ɗiyar maƙwabcina, zafin rani ya ɓata pelikil, hoto ko guda bai fito ba. Ɗaurin arme kuwa ba a sake shi. Har yau kunyar gidan nake ji. A watan Janairu 1994 anka karya darajar sefa, kuɗin pelikil da takarda sunka hau, munka daure.

Yanzu na'ura ta sake, amma wahala na nan. Tun safe ina tsaye wurin rabon goro, da rana ina cikin mata ƴan anko, kowa na jan rigata. Amarya kuwa sai da dare ake kai ta, a lulluɓe, ga duhu ga ƙura.

Babbar damuwata bashi ne. Ranar biki kowa na cewa a ɗauke shi, ranar biya sai a ce Allah shi kawo. Maroƙi na karɓar nashi nan take, ni kuwa da na biya mota zuwa Maradi da kuɗin wanki, hotuna na jibge a ɗakina. Wasu amaren har sun yi goyo.

Roƙona uku ne. Na farko, a ba ni rabin kuɗi kafin biki. Ku na Abijan da Ikko, in kun aiko kuɗin hidima ku ware na hoto. Na biyu, samari masu salula su daina watsa hoton matan mutane ba da yardarsu ba. Na uku, a riƙa wanke hoto a takarda, a ɓoye shi nesa da gara da laima. Salula na ɓata, takarda kuwa jika na iske ta. Bana mutum biyu sunka zo neman hoton mahaifansu da sunka rasu, sunka samu wurina.

Wanda na saɓa ma shi yafe mini. Allah shi bar zumunci.