Zare da Allura: Jawabi ga Ƴan'uwa Maza da Mata

  

Maganar da ta tara mu yau ita ce maganar zare da allura. Kowa ya dubi tufar da ke jikinsa. Wa ya noma audugarta? Wa ya kaɗa zaren? Wa ya saƙa? In za a faɗi gaskiya, kaɗan ne cikinmu za su ce ɗan ƙasar nan ne. Alhali kuwa tun muna yara muke ji ana cewa zanen aro ba ya rufe katara.

Dā ba haka muke ba. Tun daga Damagaram har Adar, tufa a gida take farawa. Maigida ya noma auduga, wadda mutanen Ƙonni da Tawa ke kira kaɗa. Uwargida ta gurje ta bisa dutse ta fid da angurya, ta shiɓe ta da baka, ta ɗauki mazari da taskira, ta shafa alli ga yatsu ta yi kaɗi. Mai kauri abawa ne, siririn shi ne zaren arzuki na manyan riguna. Masaƙi ya zauna ƙarƙashin inuwa yana jefa ƙoshiya, yana fid da sawaye sirara da za a haɗa su zama zane ko riga. Mace kuma tana da masaƙarta a tsaye cikin gida, tana saƙa gwado da majanyi. Daga nan sai marina, a tsoma cikin baba, a kai mabuga. Ƙarshe sai maɗinki, sau da yawa malami ne ko almajiri, ya zana aska biyu ko aska takwas bisa gaban riga, ya yi watanni yana bi da allura.

Ku ƙidaya hannuwan da riga guda ta ciyar: manomi, mai kaɗi, masaƙi, marini, mabugi, maɗinki, dillali. Kuma ku lura, kuɗin kaɗi na mace ne. Da shi take sayen sabulu, take zuba adashi, take tara kayan ɗakin ɗiyarta ba ta roƙi kowa ba.

Ba mu kaɗai muka shaida wannan ba. Wani Bajamushe, Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya ratsa Tasawa a 1851 ya tafi Kano. Ya rubuta cewa tufafin da ake saƙawa a rina a Kano suna kai har Tumbuktu da Tarabulus, ya kuma kimanta abin da ake fitarwa ko wace shekara ya kai wuri miliyan 300. Hanyar wannan ciniki ta ƙasarmu ta bi. Turkuɗin Kura ne Abzinawa ke naɗa rawani da shi, ayarinsu kuma ya ɗauki hatsi da tufafi zuwa Bilma ya komo da gishiri da dabino.

To, me ya faru? Da Nasara suka ci ƙasa sai aka hana wuri, aka ce lanho sai da kuɗinsu. Talaka ya shiga noman gyaɗa don ya samu abin biya. Kantin da ke sayen gyaɗar a kaka shi ne kuma ke sayar masa da akoko da alawayyo da atamfa, kuɗi su shigo da safe su fita da marece. Aikin tilas kuma, wanda ba a soke ba sai 1946, ya ɗebe maza daga gona da masaƙa. Daga baya aka ƙarfafa noman auduga wajen Madawa da Ƙonni, amma don a gurje a ɗaure a yi waje da ita.

Sai dai kada mu ɗora laifi duka ga baƙo. Mun samu mulkin kai ran 3 ga Agusta 1960. Tun daga nan wa ya hana mu sa saƙi ranar Salla? Mu ne muka fara jin kunyar gwado, muka ce kayan ƙauye ne. Mu ne muke taya hular da mace ta yi sati uku tana ɗinki kamar muna tayin albasa, sa'an nan mu biya shadda ba mu ce uffan ba. Ga bosho ya cika kasuwa, ga yadin Sin mai araha. Tsofaffin da suka iya kaɗi suna tafiya ɗaya bayan ɗaya, mazarinsu na cikin kwando ba mai ɗauka.

Ba mu ce a ƙi keken ɗinki ko masaƙar inji ba. A 1960 mu wajen miliyan 3 ne, yau mun haura miliyan 25, mazari ba ya iya tufatar da mu duka. Amma tufar aure da ta suna da ta idi tana iya zama tamu. Ku dubi maƙwabtanmu na Burkina Faso. Zamanin Thomas Sankara, tsakanin 1983 da 1987, aka sa ma'aikatan gwamnati su riƙa sa saƙar ƙasarsu, Faso Dan Fani. Mata ne ke saƙa ta cikin gidaje, har yau kuwa ana cin abinci da ita. Auduga guda ce da tamu, hannu guda ne da namu.

Saboda haka ga abin da muke roƙo, abu huɗu:

1. Duk mai haɗa lefe ya sa zane guda saƙar hannu a ciki.
2. Duk gidan da ke da tsohuwa mai kaɗi ko saƙa, a zaunar da yarinya guda gabanta a ranin nan, ko da ƴar lakwal ce, ran hutu.
3. Masu ɗinkin hula da surfani na kowace unguwa su haɗa kai, su sayi zare tare, su yanke farashi guda, kada dillali ya bi su ɗaya ɗaya.
4. Mu da ke tsayawa gaban jama'a mu fara sa tufar gida kafin mu ce wani ya sa.

Iyayenmu mata, aikin nan a hannunku ya fara, in ya tashi kuma a hannunku zai tashi. Taro mai zuwa, duk wadda ke da mazari ta zo da shi, da ƴar audugarta, a gwada ma yara. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Wassalam.