Katin Zaɓe, Gardamar Intanet da Sakamakon Ƙananan Hukumomi



Abin da nake so mu duba a yau shi ne wata gardama wadda kowa a cikinmu ya sani, domin kuwa a aljihunmu take kwana. Da zarar an yi zaɓen ƙananan hukumomi a wata jiha aka faɗi sakamako, sai ka ga Facebook da WhatsApp da X sun ɗauki zafi. Wannan ya ce ai yara ƙanana aka tara suka dangwala, wancan ya ce ai mutanensu aka hana jefa ƙuri'a don ba su da kati, wani kuma ya ce da an kawo na'urar tantancewa da ba a yi haka ba. Bayan kwana uku sai ƙura ta lafa, a rantsar da ciyamomi, kowa ya koma harkarsa. Nufina shi ne in nuna cewa maganar tantance mai zaɓe magana ce mai muhimmanci, amma fa ba a nan gizo ke saƙar ba.

Da farko, bari mu tuna yadda aka zo inda muke. A shekarar 1976 aka yi wa mulkin ƙananan hukumomi garambawul, aka kawar da tsarin En'e, aka kafa tsari iri ɗaya a ƙasa baki ɗaya. Yau muna da ƙananan hukumomi 774. A zaɓuɓɓukan da aka yi ta yi tun daga wancan lokaci, babban abin kuka shi ne aringizon ƙuri'u, watau mutum ɗaya ya jefa sau biyar, ko a cika rajista da sunayen matattu da na mutanen da ba a taɓa haifa ba. Har marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya faɗa da bakinsa cewa zaɓen 2007 da ya kawo shi mulki yana da aibi. Don maganin wannan ne hukumar zaɓe ta ƙasa, INEC, a ƙarƙashin Farfesa Attahiru Jega, ta sake rajista a 2011 tare da ɗaukar hoto da zanen yatsu. A 2015 aka fito da katin zaɓe na dindindin da na'urar karanta shi. Daga baya aka kawo BVAS, wadda ke duba yatsa ko fuska, aka gwada ta a zaɓen gwamnan Anambra na 2021, sa'an nan Dokar Zaɓe ta 2022 ta ba ta gindin zama.

Lalle ne mu yi adalci, waɗannan matakai sun yi amfani. Mutum ya zo da katin wani ya jefa ƙuri'a ya zama abu mai wuya a duk rumfar da na'ura ke aiki yadda ya kamata. Amma kowane ƙyaure da aka sa don tare ɓarawo yana iya tare mai gida. A ranar zaɓen shugaban ƙasa ta 2015, na'ura ta ƙi karɓar katin Shugaba Goodluck Jonathan kansa a garinsu Otuoke. To, idan haka ta sami shugaban ƙasa, ina ga manomin da fartanya ta cinye zanen yatsunsa, ko tsohuwar da ta shekara hamsin tana daka da wanki? A 2023 mutum miliyan 93 da 'yan kai ne ke cikin rajista, amma kimanin miliyan 87 ne suka karɓi katinsu, watau wajen miliyan 6 ba su da ikon jefa ƙuri'a tun kafin gari ya waye. Mu ma ɗalibai abin ya shafe mu, gama da yawanmu a gida muka yi rajista, ranar zaɓe kuwa muna makaranta, kuɗin mota ya fi ƙarfinmu.

Wannan ja-in-ja ba mu kaɗai ke yin ta ba. A Ingila, wata doka ta 2022 ta tilasta wa mai zaɓe nuna shaida mai hoto, aka kuwa fara aiki da ita a zaɓen ƙananan hukumomi na watan Mayu 2023. Masu suka sun ce jam'iyyar Conservative mai mulki a lokacin ta yi dokar ne don ta rage ƙuri'un matasa da talakawa. Da aka yi zaɓen, hukumar zaɓensu ta ce kimanin mutum 14,000 ne suka je rumfa aka mai da su, ba su kuwa sami jefa ƙuri'a ba. Duk da haka jam'iyyar da ta kawo dokar ta yi asarar kujerun kansila fiye da 1,000. A 2024 ma sai da aka mai da tsohon Firayim Minista Boris Johnson daga rumfa don ya zo ba shaida, alhali a zamaninsa aka yi dokar. Abin lura a nan shi ne, a can gardamar ta tsaya a kan wanda aka bari ya shiga rumfa, amma ba wanda ya yi shakkar cewa abin da aka jefa shi aka ƙidaya. Shi ya sa mai mulki ya sha kaye, ya kuma karɓa.

To, yanzu mu dawo gida mu dubi namu sakamakon. A Jihar Kano, a zaɓen Fabrairu 2018, jam'iyyar APC mai mulkin jihar a lokacin ta lashe ƙananan hukumomi 44 duka. A Janairu 2021 ta sake lashe 44 ɗin. A Oktoba 2024, bayan mulkin jihar ya koma hannun NNPP, sai NNPP ta lashe 44 ɗin nan, har da kujerun kansila 484 ba saura. A cikin wannan wata na Oktoba 2024, APC ta kwashe 23 na Kaduna da 27 na Jigawa, PDP kuma ta ɗauki 30 daga cikin 31 na Akwa Ibom. Jama'a, ku dubi wannan da idon basira. Jam'iyyu dabam dabam, jihohi dabam dabam, amma sakamako iri ɗaya: wanda ke gidan gwamnati shi ke cinye kome. Ashe kuwa cutar ba ta jam'iyya ɗaya ba ce. Wanda ke kuka a intanet bana, shi ne ya yi guɗa bara.

Shin rashin tantance mai zaɓe ne ya jawo haka? Gaskiya ne a 2018 hotunan yara ƙanana riƙe da takardar ƙuri'a sun bazu daga Kano, har INEC ta kafa kwamitin bincike. Abin kunya ne ƙwarai. Amma ku yi lissafi da kanku. Yara nawa za a tara kafin a ce a cikin mazaɓu 484 babu ko ɗaya da ɗan adawa ya fi farin jini? Ko a gida ɗaya ma ba a rasa mai ra'ayi dabam, balle a jiha mai miliyoyin mutane. Irin wannan sakamako yana fitowa ne daga wasu wurare: daga kuɗin fom mai tsada da ke korar 'yan takara, daga ƙaurace wa zaɓe da 'yan adawa kan yi don sun san abin da zai biyo baya, daga kayan zaɓe da ba su isa rumfa ba sai rana ta yi tsaka, daga kuma ɗakin tattara sakamako inda alƙalami ke aikinsa ba mai gani.

Tushen abin yana cikin Tsarin Mulki na 1999. Shi ne ya ba kowace jiha hukumar zaɓenta, ya kuma ce gwamna ne zai naɗa shugabanta da mambobinta, majalisar jiha ta amince. Kuɗin aikinta daga gwamnatin jiha yake fitowa. INEC ita ke riƙe da rajista, ita ke da BVAS, amma zaɓen ƙananan hukumomi ba nata ba ne, in ban da guda 6 na Abuja. Ku kuwa dubi abin da ya faru a can a Fabrairu 2022: APC ta ci 3, PDP ta ci 3. Haka nan a Kaduna, lokacin da aka yi amfani da na'urar jefa ƙuri'a a 2018 da 2021, 'yan adawa sun ci wasu ƙananan hukumomi. Wannan ya nuna mana cewa mutanenmu ba kansu ɗaya ba ne, suna rarrabuwa in an bar ƙuri'arsu ta yi magana.

Kada kuma mu ɗauka na'ura ita ce maganin kome. A zaɓen 25 ga Fabrairu 2023, BVAS ta tantance mutane a yawancin rumfuna, amma sakamakon zaɓen shugaban ƙasa bai hau shafin IReV a kan lokaci ba kamar yadda aka yi alkawari, daga baya kuma, a Oktoba 2023, Kotun Ƙoli ta ce wannan shafi ba wurin tattara sakamako ba ne. Katin zaɓe yana amsa tambaya guda ce tak, watau wane ne ya zo? Tambaya ta biyu, me aka rubuta bayan ya tafi, sai idon mutane ke amsa ta. Idan muka ƙare ƙarfinmu a kan ta farko muka manta da ta biyu, mun bar jaki muna dukan taiki.

Wani zai ce, to mene ne abin damuwa, ciyaman ne fa kawai. 'Yan'uwa, ƙaramar hukuma ita ce gwamnatin da talaka ke iya takawa da ƙafa ya je. Makarantar firamare, ɗakin shan magani, kasuwa, tashar mota, magudanar ruwa, rijiyar burtsatse, duk da hannunta a ciki. A ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, ta kuma haramta wa gwamnoni naɗa kantomomi a madadin zaɓaɓɓu. Bayan hukuncin ne jihohi suka yi ta rige-rigen shirya zaɓe, sakamakon kuwa kun ji shi. Ciyaman da ya san gwamna ne ya ba shi kujera, gwamna zai yi wa biyayya, ko da kuɗin ya shiga asusunsa kai tsaye. Ku da kuka fara aikin gwamnati kun fi ni sanin abin da wannan ke nufi ga albashin malamin firamare.

Saboda haka ga shawarwarina. Na ɗaya, kafin ka tura hoto ko bidiyo, tambayi kanka wace rumfa ce, wace rana, wa ya ɗauka. Tsofaffin hotuna kan dawo duk lokacin zaɓe da sabon suna, ƙarya guda kuwa takan ba mai maguɗi damar ƙaryata gaskiya goma. Na biyu, abin da ya fi zagi amfani shi ne lamba. Ka tsaya a rumfarku har a ƙirga, ka ɗauki hoton takardar sakamako mai sa hannu, mu tara na mazaɓa guda mu gwada da abin da aka faɗa a rediyo. Na uku, mu karɓi katinmu, wanda ya sauya mazauni ya nemi a mai da rajistarsa kusa tun da wuri, mu kuma taimaki iyayenmu na ƙauye su yi haka. Na huɗu, duk lokacin da majalisa ta buɗe sauraren ra'ayin jama'a a kan gyaran Tsarin Mulki, ƙungiyarmu ta kai takarda a rubuce game da yadda ake naɗa hukumomin zaɓe na jihohi da yadda ake ba su kuɗi. Wasu na ganin a miƙa aikin ga INEC, wasu na ganin a bar shi a jiha amma a cire hannun gwamna daga naɗin. Wannan ita ce gardamar da ta cancanci daren da muke ɓatawa a kan waya.

Daga ƙarshe, ina roƙon mu auna kowane sakamako da mudu ɗaya. Idan 44 bisa 44 ya ba ka haushi a lokacin da jam'iyyar wani ta ci, to ya ba ka haushi ranar da taku ta ci. Gobe mu ne malaman zaɓe, mu ne jami'an tattara sakamako, alƙalamin zai zo hannunmu. Allah ya ba mu ikon rubuta abin da muka gani.