Turmin Danya a Idon Mutanen Kan Iyaka



Ruwan Bagaja, wanda ya ci gasar 1933, dariya ya ba mu, muka rufe shi muka yi barci. Amma Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, wanda shi ma ya ci gasa aka buga shi a 1982, hana mu barci ya yi. Mu da muka tashi a Mai'adua, dab da iyakar Kongolam, ba a littafi muka fara jin labarin fasa-ƙwauri ba. Abin da ya dame mu shi ne, attajirin labarin bai gagara don ƙarfinsa ba, ma'aikata ne suka ɗaure masa gindi. Ga shi kuwa a zauren nan akwai masu neman aikin kwastan.