Kama Da Wane: Tsohon Idon Kyamara Da Sabonsa A Birnin Kano



An nemi mu yi magana a kan ɗaukar hoto. Da yake fagen yana da faɗi, sai muka ga gara mu tsaya a kan tambaya guda wadda ke raba kan masu wannan sana'a. Idan kamfani ya sake ƙera wani idon kyamara da ya yi suna a zamanin da, shin sabon ne ya fi, ko kuwa na asalin? Abin da muke kira ido shi ne bututun nan da ke gaban kyamara, wanda aka jera gilasai a cikinsa, su ne ke tattara haske su zuba shi a kan fim, ko a kan abin da ya maye gurbin fim a kyamarorin yanzu. Wani zai ce ina ruwan Bakano da gardamar Jamusawa. Ku yi mana haƙuri, kafin mu zauna za ku ga gardamar ta shigo birni ta Ƙofar Na'isa.

A shekarar 1955 kamfanin Leitz da ke garin Wetzlar a Jamus, masu yin kyamarar Leica, suka fitar da wani ɗan ƙaramin ido mai suna Summaron, mai milimita 28. Gilasai shida ne a cikinsa, an haɗa su rukuni huɗu. Ƙofar haskensa ba ta buɗewa fiye da 5.6, watau ƙunci gare ta ƙwarai idan an gwada ta da na yanzu. An yi ta ƙera shi har 1963, sa'an nan aka daina. Bayan shekara hamsin da 'yan kai, a 2016, sai kamfanin ya dawo da shi, ya ce lissafin gilasan bai taɓa shi ba, yadda yake a da haka yake. Abin da aka sake shi ne gangar jiki. Na da murɗa shi ake yi a jikin kyamara kamar murfin kwalba, sabon kuwa juyi ɗaya ya kulle. An kuma yi masa wasu ɗige-ɗige guda shida a gindi, waɗanda kyamarar zamani ke karantawa ta san wane ido aka ɗaura mata. Da kasuwa ta karɓa, sai suka bi da wasu: Thambar na 1935 ya dawo a 2017, Noctilux na 1966 ya dawo a 2021.

Mun zaɓi Summaron ne domin ya dace da birninmu. Ido mai milimita 28 yana gani da faɗi, saboda haka mai ɗaukar hoto a lungunan Kurmi ko na Dala, inda ba shi da wurin ja da baya, zai iya kama soro da zankwayensa gaba ɗaya. Ƙuncin ƙofar haske kuwa ba abin damuwa ba ne a ƙasar da rana ke yin abin da take yi mana a watan Afrilu. Sai an shiga zaure ko rumfar 'yan koli ne za a ji jiki.

To, masu son tsohon me suke cewa? Cewa suke yi da tsohuwar zuma ake magani. Hotonsa, in ji su, yana da laushi, haske yana ɗan yaɗuwa kamar safiyar hunturu, kusurwoyin hoton suna yin duhu-duhu, sai hankalin mai kallo ya tafi tsakiya. Wannan duka gaskiya ne. Amma fa abu biyu aka cakuɗa a nan, kuma raba su shi ne ginshiƙin maganarmu. Duhun kusurwa hali ne na haihuwa, daga lissafin gilasan ya fito, kuma sabon ma ya gaje shi, domin da gangan aka bar shi. Laushin nan da yaɗuwar haske kuwa, yawancinsu ciwon tsufa ne. Man da aka shafa wa ƙarafan ciki yakan yi tururi a hankali, shekara da shekaru, ya kwanta a kan gilashi, kamar yadda yana ke rufe idon dattijo. Shafen da ake yi wa gilasai a wancan zamani don hana ƙyalli ba shi da tauri, duk wanda ya goge shi da bakin riga ya bar masa zane. Idan ya kwana biyu a wuri mai laima, sai fumfuna ta yi saƙa a ciki. Ashe abin da mutane da yawa ke yabo a matsayin gwanintar magabata, sau da yawa lalacewa ce kawai ta yi kyan gani.

Nan ne abin mamakin yake. Idan muna son mu ga abin da mai ɗaukar hoto ya gani a 1955, ranar da ya ciro idon daga kwalinsa, to sabon nan na 2016 ya fi kusa da nuna mana shi fiye da tsohon da ya shekara saba'in yana yawo daga hannu zuwa hannu. Tsohon shi ne na asali, ba mai musu, amma ba ya gani yadda yake gani a ƙuruciyarsa.

Ga kuma yanayin garinmu. Ƙurar hunturu tana shiga duk inda iska ta shiga, ta haɗu da tsohon giris ta zama kamar yashi a cikin ƙarfe. Damina ta zo da laima. In tsohon ido ya cije, mai gyaran da zai kwance shi ya mayar daidai ba a kowane titi ake samunsa ba, kayan gyaransa kuwa sai dai a ciro daga wani ɗan'uwansa da ya mutu. A matsayin kayan aiki, hukuncinmu a fili yake: sabon ya fi. A matsayin kayan tarihi, tsohon ba shi da na biyu, wurinsa akwati mai bushewa, a fito da shi ranar salla.

Kada mu yaudari juna a kan kuɗi. Sabon Summaron ya fito a kan sama da dala 2,000, ban da kyamarar da za a ɗaura shi a kai, wadda ta fi shi tsada nesa. Wanda ke karɓar mafi ƙarancin albashi, naira 70,000 a wata kamar yadda aka amince a 2024, ko ya tara na shekara biyu bai ci bai sha ba, ba zai kai ba. Ganin haka ne wani kamfanin ƙasar Sin mai suna TTArtisan ya fitar da nasa mai milimita 28 da ƙofa 5.6, a kan kuɗi kaɗan ƙwarai. In ka hango shi sai ka rantse Summaron ne. Amma jerin gilasan cikinsa daban ne. Ido ne mai aiki, ba mu kushe shi ba, sai dai kama da wane ba ta wane.

Yanzu sai mu shigo gida. Ganuwar Kano, wadda tarihi ya ce Sarki Gijimasu ne ya fara ta, aka faɗaɗa ta a zamanin Muhammadu Rumfa da kuma Muhammadu Nazaki, ita ma ta sha irin wannan sake ƙira. A 2010 aka rushe Ƙofar Na'isa don faɗaɗa titi, daga baya aka tayar da wata a madadinta. Haka aka yi wa ƙofofi da dama: an sake su da siminti da ƙarfe, aka yi musu zankwaye da fenti ruwan ƙasa. Ku lura da bambancin. Jamusawa sun sake gangar jiki, suka riƙe lissafin ciki. Mu kuwa mun riƙe kamannin waje, muka yar da lissafin: tubali, da azara, da makuba, da sanin magina na yadda ake cuɗa ƙasa a bar ta ta ruɓa kafin a ɗora. Ba mu ce kada mota ta wuce ba, gari mai girma dole ya numfasa. Abin da muke cewa shi ne, wanda bai ga ƙyamaren tsofaffin ƙofofi da aka ajiye a Gidan Makama ba, zai ɗauka abin da yake wucewa ta ƙarƙashinsa kullum shi ne abin da kakanninsa suka gina.

Ita ganuwar kanta, tun 2007 take cikin jerin wuraren da Nijeriya ta miƙa wa hukumar UNESCO don a duba yiwuwar sanya su cikin kayan tarihin duniya. Amma duk wanda ya bi ta daga Ƙofar Dukawuya zuwa Kabuga, inda sojan Ingila suka fasa suka shiga a watan Fabrairu na 1903, ya san abin da ya rage. Wani wuri ruwa ya cinye, wani wuri an ɗebe ƙasar, wani wuri an yi gini a kai.

Saboda haka tambayar wane ido za a ɗauke ta da shi ba wasa ba ce. Wani matuƙin jirgin sama ɗan ƙasar Suwizalan, Walter Mittelholzer, ya ɗauki hotunan Kano a tafiyarsa ta zuwa Tafkin Chadi a 1930 zuwa 1931, suna nan a ajiye a birnin Zurich. Abin da ya sa suke da daraja a yau shi ne ana iya ƙura musu ido a ga fasalin gidaje da yadda birnin yake a shimfiɗe. Ba don suna da hazo ba. Tsoronmu shi ne wannan yayi na son hoto mai kama da na da, ko ta tsohon ido, ko ta dabarun da ke cikin wayoyinmu. Irin wannan hoto yakan lulluɓe ganuwa da wani kwarjini na ƙarya. Duhun kusurwa ya ɓoye ledojin da ke gindinta, laushin haske ya shafe tsagewar da ke jikinta, mai kallo ya ce masha Allah, tana nan yadda take. Alhali kuwa damina mai zuwa ma ba lalle ta bar wannan ɓangaren a tsaye ba.

Wanda Allah ya hore wa Summaron, tsoho ko sabo, in zai ɗauki ganuwa ya tsuke ƙofar hasken zuwa 8 ko 11, a nan ne duhun kusurwa ke raguwa, hoton ya fito tar daga gefe zuwa gefe. Wanda zai sayi tsoho kuma, ya buɗe ƙofar duka, ya haska tocila ta baya, ya duba ta gaba a karkace. In ya ga fari-fari kamar hayaƙi ko zare-zare kamar saƙar gizo, ya rage kuɗin gyara daga cikin ciniki, ko ya haƙura. Sauranmu da ba mu da sai waya, ita ma idonta mai faɗi ne, kusan daidai da milimita 28 ɗin nan. A goge shi, a kashe duk wani ado, a fita da hantsi ko bayan la'asar lokacin da rana ke bugun bango a karkace tana fito da kowane gurbi. A tsayar da mutum a gindin ganuwar don a gane tsayinta, sa'an nan a rubuta kwanan wata da sunan ƙofar da ta fi kusa.

Malam Shugaba, mun ga kana duban agogo. In akwai masu tambaya, bismilla.