Ƙarshen Labari Shi Yaro Ke Riƙewa

 

Mu da muke zaune nan Kudu, da yawa cikin 'ya'yanmu ba su san Arewa ba sai in an je biki ko ta'aziyya. Yawancin Hausar da suke karantawa daga littattafan soyayya take, da a takarda, yanzu kuma a waya. Saboda haka ba mu ce a hana su ba. Roƙonmu shi ne mu lura da yadda labarin ke ƙarewa.

Mu 'yan kasuwa mun sani, duk surutun ciniki banza ne, inda aka sallama nan ne magana. To, haka littafi yake. Yaro zai manta tsakiyar labari, amma ba ya manta wa ya ci riba, wa ya faɗi.

Ku dubi In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, na 1991. Aka matsa wa Sumayya ta auri mai kuɗi, ta faɗa rijiya, aka ceto ta, daga baya ta auri Muhammad da take so. Mu iyaye mun ga illar auren dole. Amma yarinya 'yar shekara 15 tana iya fahimtar cewa rijiya ce hanyar samun biyan buƙata. Jama'a, rijiyar gaske ba ta san soyayya ba.

Sai Alhaki Kuykuyo Ne na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, na 1990. Alhaji Abdu ya kori Rabi da 'ya'yanta tara, ta riƙe su da sayar da abinci. Gobara ta cinye shagonsa, amaryar ta watsar da shi, dangi suka matsa wa Rabi ta koma. Yaro ya ga alhaki ya kama mai shi. Yarinya kuwa tana iya tambaya, to wahalar Rabi fa, wa ya biya ta? Wannan tambaya tana son amsa daga bakinmu.

Haka Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, na 1934. Uwa ta ƙetare hamada neman ɗanta, ta sha bauta, ta gan shi, ba ta daɗe ba ta rasu. Babu biki, babu mota, amma mai karatu yakan ajiye shi da tausayin mahaifiyarsa.

Don haka in kun ga littafi a hannun yaro, kada ku fizge. Ku ce, yaya ya ƙare? Kai da za ka yarda da haka? Ke da ke ce, me za ki yi? A nan za ku ji abin da ke zuciyarsu tun kafin ya zama magana a gaban Sarki.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya sa mu gama lafiya. Wassalamu alaikum.